Tambaya da Amsa: Neman Asalin Baturen Gyaɗa Ɗan Sikotilan

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim a Jihar Jigawa, kuma na rubuto ne a kan wani al'amari na gidanmu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, fara ce sol mai laushin gashi, kuma tun muna yara muke jin cewa mahaifinta wani Bature ne da ya zauna a kantin tasha yana awon gyaɗa a shekarun da jirgin ƙasa ya fara bi ta wajenmu. Dattawa sun ce mutumin Sikotilan ne, dogo, mai jin Hausa, kuma ya koma gida kafin yaƙin Hitila, lokacin da kakata ba ta wuce shekara biyar ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya rage mana daga gare shi hoto ne guda ɗaya da mahaifiyata take ajiye da shi a ƙasan adaka. A bayan hoton akwai hatimi mai ɗauke da sunan wani titi da kalmar Partick, sai kuma sunan danginsa da aka rubuta da alƙalami, wanda ya fara da Mac. Wani ɗan yayata da ke karatu a Dutse ya nemi sunan a intanet cikin ƙidayar jama'ar Sikotilan ta 1921, sai mutane birjik suka fito masu suna iri ɗaya, ya kuma nemi titin a taswirar waya bai gan shi ba. Ta ina za mu kamo bakin zaren? Sannan ƙanena ya ce in tambaya ko wannan asali zai ba mu damar samun bizar Birtaniya.

Daga wani mai karatu, ƙasar Ringim

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya jiƙan kaka, ya ƙara wa Hajiya mahaifiyarka lafiya. Na cire sunan dangin da na titin daga wasiƙarka kafin a buga ta, domin mai yiwuwa ne mutumin yana da jikoki a raye, kuma bai dace su fara jin labarinku a shafin mujalla ba.

Ɗan yayarka ya shiga gidan da ya dace, sai dai ya shiga da wuri. Ƙidayar jama'a ba ta amsa wa wanda ya zo mata da sunan dangi kaɗai, balle suna mai farawa da Mac a yammacin Sikotilan, inda unguwa guda kan tara gidaje da dama masu wannan suna ba tare da sun haɗa jini ba. Abin da ƙidaya ke bukata daga gare ka shi ne sunan yanka na mutumin, da kimanin shekarar haihuwarsa, da adireshin gidan iyayensa, kuma a cikin ukun nan adireshin ne ya fi ƙarfi. Saboda haka shawarata ita ce ku jingine ƙidayar tukuna, ku nemo waɗannan abubuwa daga gida da kuma takardun jiragen ruwa, sannan ku koma mata.

Ku fara da tsofaffin garinku, domin da tsohuwar zuma ake magani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma reshen da ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru ne a 1930, wato Baturen naku ya zauna a tashar tsakanin wajajen 1930 da 1939. Kamfanoni kan turo samari ne irin waɗannan tashoshi na daji, don haka za a iya ƙaddara cewa an haife shi tsakanin 1895 da 1910. Wannan lissafi kaɗai ya zubar da mafi yawan sunayen da suka fito wa ɗan yayarka. Ka zauna da Hajiya da duk wani dattijo da ya haura tamanin, ka tambayi laƙabin da aka sa wa Baturen, da wurin da kantin yake daga tasha, da sunan kamfanin kamar yadda bakin mutane ya riƙe shi, da wanda ya yi masa kuku ko akawu ko riƙon sikeli, domin zuriyar waɗannan ma'aikata sau da yawa sun fi dangin matar riƙe labarin maigidan kakansu. Ka kuma tabbatar ko awon gyaɗa yake yi ko aikin reluwe, domin a bakin mutanen ƙauye duk farin da ya zauna a tasha Baturen tasha ne, har da Kwarori 'yan Labanan da Siriya waɗanda su ma suka yi cinikin gyaɗa a wannan layi. Hatimin Partick, wadda a yau unguwa ce a birnin Gilasgo na Sikotilan, ya sa na gamsu cewa naku ɗan Sikotilan ne, amma batun sana'arsa shi zai nuna muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Idan ma'aikacin gwamnati ne, to sunansa da muƙaminsa da ranar da ya kama aiki suna cikin littattafan jerin ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka, kuma ana iya neman su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Ka tuna cewa sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma a zamanin da muke magana Ringim gunduma ce a masarautar Kano, don haka a fayilolin Lardin Kano za ka duba. Idan kuwa na kamfani ne, takardun Kaduna za su fi ba ka sunan kamfanin da aka ba fili a tashar fiye da sunan yaron da aka ajiye a kantin. Duk da haka sanin kamfanin riba ce. Kamfanin United Africa Company (UAC), alal misali, an kafa shi a 1929 bayan haɗewar Niger Company da African and Eastern Trade Corporation, wanda shi kuma tun 1919 ya haɗiye kamfanin Miller Brothers mai asali daga Gilasgo, kuma tsofaffin takardun UAC suna ajiye a ma'adanar kamfanin Unilever da ke Port Sunlight kusa da Libaful, inda ake iya aika wasiƙar tambaya.

Inda na fi sa rai shi ne jerin fasinjojin jiragen ruwa. A wancan zamani kusan duk Baturen Birtaniya da ya zo Nijeriya ta ruwa ya zo, galibi daga Libaful zuwa Legas a jiragen kamfanin Elder Dempster, kuma dokar Birtaniya ta wajabta wa kowane jirgi ya miƙa sunayen fasinjojinsa. Jerin masu fita ya kama daga 1890 zuwa 1960, na masu shiga kuma daga 1878 zuwa 1960. Asalinsu yana ma'adanar ƙasa da ke Kew a Landan, amma an ɗora hotunansu a shafukan Ancestry da Findmypast, waɗanda ake biyan kuɗi kafin a gani. Abin da ya sa wannan jeri ya fi ƙidaya amfani a matakin farko shi ne ƙanƙantarsa: masu wannan sunan dangi da suka sauka a Legas cikin shekara goma, masu shekarun da muka ƙaddara, waɗanda aka rubuta sana'arsu ɗan kasuwa ko wakilin kamfani, ba za su yi yawa ba. Kuma daga farkon shekarun 1920 jerin yana ɗauke da adireshin fasinja a Birtaniya. Ma'aikatan kamfanoni kan koma gida hutu a kai a kai, don haka mutum ɗaya zai bayyana sau da dama. A wata tafiyar za ka ga ya ba da adireshin ofishin kamfaninsa, wanda ba zai amfane ka da komai ba sai sanin kamfanin, a wata kuma ya ba da na gidan mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa. Wannan na biyun shi kuke nema.

Game da hoton, akwai abin da nake so ku lura da shi tun kafin ku ɓata kuɗi. Hatimin da ke bayan tsohon hoto kusan kullum na mai ɗaukar hoton ne, wato titin da aka rubuta a nan ne shagonsa yake, ba lallai gidan Baturen ba. Amma mutane kan je shagon hoton da ke kusa da su, don haka hatimin shaida ce mai kyau cewa danginsa na zaune a Partick ko maƙwabtanta. Idan jerin jirgi ya ba ku wani mai wannan suna da adireshi a wannan yanki, to shaidu biyu da ba su san juna ba sun haɗu.

Ɓacewar titin daga taswirar waya ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin Gilasgo. Partick gari ne mai cin gashin kansa a arewacin kogin Clyde, da hukumarsa da 'yan sandansa, har zuwa 1912 lokacin da birnin Gilasgo ya haɗiye shi tare da Govan da Pollokshaws. Bayan haɗewar sai aka wayi gari da tituna da yawa masu suna iri ɗaya a cikin birni guda, abin da ya dami masu raba wasiƙu, shi ya sa a shekarun 1920 da farkon 1930 aka sauya wa tituna masu yawa suna. Daga baya kuma, tun daga ƙarshen shekarun 1950 har cikin 1970, aka rushe tsofaffin unguwanni da dama aka shimfiɗa manyan hanyoyin mota a kansu. Titinku ko dai yana nan da sabon suna, ko kuwa yana ƙarƙashin kwalta.

Wanda zai raba gardama shi ne sashen taswirori na Ɗakin Karatu na Ƙasar Sikotilan da ke Edinbara, wanda ya ɗora dubban tsofaffin taswirori a intanet kyauta, ba rajista ba biya. Akwai tsarin da ke ajiye tsohuwar taswira a hagu, hoton tauraron ɗan'adam na yau a dama, duk inda ka kai kibiya a ɗaya sai ta nuna daidai wurin a ɗayar. Akwai kuma wanda ke ɗora tsohuwar a kan sabuwar, kana jan wani ɗan maɓalli tsohuwar tana dushewa har titin yau ya bayyana a ƙarƙashinta. Ku zaɓi taswirar hukumar safiyo ta Ordnance Survey ta tsakiyar shekarun 1890 ko ta gab da yaƙin duniya na farko, ku bi Partick lungu lungu har ku ga sunan da ke bayan hoton. A manyan taswirorin birni za ka ga kowane gini da siffarsa, da tsakar gidan da ke bayansa, da ɗan ɗakin wanki, da coci, da makaranta, da layin tarago, da filayen ƙera jiragen ruwa a bakin kogi. Zai fi kyau a yi wannan aiki a kwamfuta, domin fuskar waya ta yi ƙanƙanta, kuma taswirorin suna cin data. Abu ɗaya da tsofaffin taswirorin ba su cika nunawa ba shi ne lambar gida. Wannan sai a taswirorin da aka zana bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda su ma suna shafin, kuma yawancinsu an yi su kafin rushe-rushen. Ɗakin karatun ya kuma ɗora littattafan adireshi na gidan waya daga 1773 zuwa 1911, masu jera mazauna titi bisa lambobinsu, sai dai sun fi kula da masu shaguna da masu hali, talaka ɗan haya bai cika shiga ba. Na shekarun baya, tare da bayanin tsofaffi da sababbin sunayen tituna, ana tambayarsu a ɗakin karatu na Mitchell da ke Gilasgo.

Da sunan yanka da shekaru da unguwa a hannu, sai a koma ƙidaya. Ana yin ta duk shekara goma, ta farko mai amfani ga mai neman asali ita ce ta 1841, kuma ana rufe kowace har shekara ɗari, shi ya sa ta 1921 ce ta ƙarshe da aka buɗe, a ƙarshen Nuwamban 2022. Duk suna shafin ScotlandsPeople na hukumar National Records of Scotland, inda duba jerin sunaye kyauta ne bayan rajista, amma buɗe hoton shafi sai an biya da katin banki mai iya biyan kuɗin waje. Ƙa'idar ƙidayar ita ce a rubuta mutum a inda ya kwana a daren da aka tsayar, ba inda ya saba zama ba. Ta 1921 an shirya ta ne a watan Afrilu, yajin aiki ya sa aka ɗaga ta zuwa 19 ga Yuni, lokacin da wasu iyalai sun riga sun tafi hutun bazara, kuma saurayi mai shekara ashirin da wani abu yana iya kasancewa a gidan haya a wani gari, ko a soja, ko ma a ƙasar waje. A ganina ita ce mafi rauni a gare ku. Ku neme shi yana yaro a gaban iyayensa, a ta 31 ga Maris 1901 ko ta 2 ga Afrilu 1911, kuma ku tuna cewa a waɗannan shekaru biyu Partick ba ta cikin Gilasgo, lambar gundumar rajistarta daban take da 644 ta birnin, don haka wanda ya taƙaita bincikensa a Gilasgo zai tsallake ta bai sani ba. Hukumar tana da jerin titunan manyan garuruwa da ke nuna gunduma da littafin da kowane titi ya faɗa a kowace ƙidaya. Da shi ake gane, tun kafin a biya, wanne daga cikin masu suna iri ɗaya ne yake littafin titin da ake nema.

Idan shafin ya buɗe, kada yawan mutanen da ke lamba ɗaya ya ruɗe ku. Ma'aikatan Gilasgo sun zauna ne a dogayen benaye na dutse masu hawa uku ko huɗu, kuma lambar ta ƙofar shiga ce, kamar babban gidan gandu mai zaure ɗaya da sassa da yawa a ciki, sai dai su mazaunan ba dangin juna ba ne. A layin kowane iyali za ka ga sunan maigida, da dangantakar kowa da shi, da shekaru, da sana'a, da garin haihuwa, da ko mutum yana jin harshen Gelik na mutanen tsaunuka, har da adadin ɗakunan gidan masu taga, wanda ke gaya maka ƙarfin iyalin ba tare da an faɗa ba. Ta 1911 ta ƙara da tambayar matar aure shekarun aurenta, da 'ya'yan da ta haifa, da waɗanda suke raye. Sunan dangin kuwa ku neme shi da Mac da Mc duka, domin magatakarda kan rubuta yadda ya ga dama, kuma ku bar sarari na shekara biyu gaba da baya a wajen shekaru.

Yana yiwuwa ku sami iyalin a wani titi a 1901, a wani kuma a 1911, alhali jerin jirgi ya ba da na uku. A shekarun waɗannan ƙidayoyi hayar gida a can galibi ta shekara ce, mai ƙarewa a ƙarshen watan Mayu, kuma 'yan haya kan yi ƙaura sosai, amma galibi ba sa nisa da wurin aikin maigida. A nan taswirar za ta sake yi muku aiki: idan titunan uku suna kewaye da filin ƙera jirgi ɗaya ko makaranta ɗaya, zato ya ƙarfafa cewa iyali ɗaya ne; idan ɗaya yana can wani gefen birni, a dakata a sake dubawa. Giɓin da ke tsakanin ƙidaya da ƙidaya, da kuma shekarun bayan 1921, ana cike shi da rajistar kimanta gidaje don haraji, wadda ke nuna mai gida da ɗan haya da kuɗin hayar shekara, kuma shafin ScotlandsPeople yana da ta wasu zaɓaɓɓun shekaru har zuwa 1940, wato ta ƙunshi daidai lokacin da Baturen yake wajenku.

Takardun haihuwa da aure da mutuwa na Sikotilan, waɗanda gwamnati ta fara a 1855, sun fi na Ingila cika, kuma su za su ɗaure maganar. Ta haihuwa tana ba da gida da rana har da sa'ar da aka haifi yaro, da sunan uwa na gidansu, da rana da wurin da iyayen suka yi aure. Ta mutuwa tana ba da sunayen iyayen mamaci duka biyu da na matarsa da sana'arsa. Ana ganin hoton ta haihuwa idan ta wuce shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50, waɗanda ba su kai ba kuma sai a yi odar kwafi. Ku lura da suna na tsakiya, domin sau da yawa sunan dangin uwa ne ko na kaka, kuma shi ke bambanta mutum da takwarorinsa. Kada ku ce kun same shi sai shekarun da ke jerin jirgi, da adireshin, da takardar haihuwa sun yi daidai da juna, kuma tafiye-tafiyensa sun nuna yana Nijeriya a shekarar da aka yi cikin kakarka. Na nanata wannan ne domin wanda ya gaji da nema yakan rungumi na farko da ya yi kama, ya gina wa zuriyarsa asalin wani.

Ko bayan haka, takarda za ta nuna ne cewa wane ya zauna a Nijeriya, ba za ta ce shi ya haifi kakarka ba. Abin da ke iya kaiwa nan shi ne gwajin ƙwayoyin gado na DNA, kuma Hajiya ce ta fi cancanta a gwada idan ta yarda, domin tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gadon mutumin, kai kuwa kimanin ɗaya cikin takwas. Idan sakamakon ya haɗa ta da wasu a Sikotilan ko Kanada ko Ostireliya waɗanda asalinsu ya koma gidan da kuka gano, magana ta tabbata. Ku yi shawara a cikin gida tukuna, domin batu ne da ya shafi mutuncin iyaye, kuma idan za ku rubuta wa danginsa, ku gabatar da kanku a taƙaice, ku haɗa da kwafin hoton, ku bayyana cewa sani kuke nema ba dukiya ba, ku kuma ba su lokaci, domin mai yiwuwa ba su taɓa jin cewa ya bar 'ya a Afirka ba.

Tambayar ƙaninka kuwa amsarta gajera ce. Birtaniya tana da biza ta shekara biyar ga ɗan ƙasar Kwamanwel da aka haifi kakansa ko kakarsa a can, bisa sharaɗin zai yi aiki, kuma Nijeriya tana cikin Kwamanwel. Amma iyakarta kaka. Ku da ƙaninka tattaɓa kunne ne, ba ku shiga ciki ba. Hajiya ce jikar, ita ma sai ta kawo takardun haihuwa da ke haɗa ta da mahaifiyarta, su kuma haɗa mahaifiyar da Baturen da sunansa, alhali a ƙauyukan Lardin Kano na shekarun 1930 ba a yi wa jarirai irin wannan rajista ba. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai samo muku biza ta wannan hanya, ku riƙe kuɗinku.